Tiyar Gero da Ba Ta Dawo Ba

Bana ruwa ya yi jinkiri. Watan shuka ya kama har ya yi nisa, hadari ya taru ta gabas da la'asar, iska ta zo ta watse shi, mu koma ɗaki da zufarmu. Ina zaune a tsakar gidan ɗana a nan Birnin Kebbi ina tsintar shinkafa, rediyon jikata Asma'u na ta surutu a kan tabarma, sai na ji mai labarai ya ce hukuma ta kafa kwamitin da zai fasa rumbun duk wanda ya ɓoye abinci. Asma'u ta ce, "Yauwa! Allah shi ƙara." Ni kuwa faifan ya suɓuce mini, kaji suka samu walima. Ta yi ta dariya, wai tsohuwa ta fara gyangyaɗi da rana tsaka. Na bar ta a haka. Tsoro ne ya kama ni, kuma tsoron ya girme ta nesa ba kusa ba.

A lokacin ba a yi jihar Kebbi ba, muna ƙarƙashin Sakkwato, mulki kuma na hannun soja. Ina aure a wani ƙauye da ke gefen fadama, tafiyar hantsi daga Argungu in a ƙafa ne. Sunana Kulu. Mijina Malam Manu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda za ka gaya wa gida na cin wuta su fara neman takalminsu tukuna. Muna zaune tare da mahaifiyarsa, Inna, wadda ita kuma Allah ya ba ta rabonta na magana ya haɗa mata da na ɗanta.

Daminar da ta gabaci abin da zan faɗa ta yi mana rowa. An yi shuka ta bushe, aka sake ta sake bushewa, ta ukun ce ta ɗan yi kai, shi ma kan kamar yatsa. Gulbi bai hau fadama ba, shinkafa ta tsaya a tsaye ta zama ciyawa. Da kaka ta zo, gidan da ya saba ɗaure dami hamsin da ƙyar ya ɗaure takwas. Kowa ya duba rumbunsa ya duba 'ya'yansa, ya san ba za a kai wata daminar da wannan ba.

Akwai wata al'ada a garinmu da gidan su Malam Manu ya gada tun kakansa. In shekara ta zo da yunwa, kowane magidanci zai zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, a sussuke, ya kawo gidanmu. A gauraya irin da toka saboda ƙwari, a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka, mai shi ya dangwala babban yatsansa a kan lakar ya ƙara da wata alama tasa. Sannan ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu, cewa kada a ba shi tulun nan sai ruwan shuka ya sauka, ko da ya zo yana kuka. Dalilin a fili yake. Ba uban da zai ji kukan yunwar ɗansa alhali iri na cikin ɗakinsa ya ƙyale shi, in kuwa aka cinye iri, yunwar shekara ɗaya ta zama ta biyu. A shekarar, tuluna arba'in da 'yan kai aka jera a ɗakin ajiyarmu.

Aikin toka na matar gidan ne, wato ni. In ƙona kara, in tankaɗe tokar, in gauraya, in zuba. A ajiyar da ta gabata ƙwari sun cinye tuluna uku, Inna kuwa ta tsaya a gaban matan unguwa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin hannu marar albarka irin nawa ba. Maganar ta zauna mini a wuya. To, a saman rufin ɗakin Malam akwai wasu 'yan ƙunshi na jan garin magani da malamin gona ya kawo, masu hoton ƙoƙon kan mutum a jiki. Na ji da kunnena yana gargaɗi cewa ranar shuka kawai ake shafa shi a iri, a wanke hannu da sabulu, kuma ko kaza ta ci irin ba za ta kwana ba. Mutanenmu ba su yarda da maganin ba, ya zauna a nan yana tara yana. Ni da wayona na ce abin da ke kashe kaza ai ba zai bar ƙwaro ba. Na juye shi duka cikin tokar, na gauraya har jan ya ɓace, na zuba a kowane tulu. Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina ranar buɗewa, in an ga ko ƙwaya ɗaya ba ta huje ba, sai in faɗa a gaban Inna.

Wautar tawa ta wuce nan. Duk macen ƙasarmu ta san hatsi mai toka lafiyarsa lau, a sheƙe, a surfa, a wanke, a ci. Da na bar maganin da jansa, kowa ya gani zai ja baya. Ni na ɗauki abin kisa na sa masa rigar da kowa ya saba da ita.

Bazara ta shigo da wani irin zafi da ban sake gani ba. Fadama ta tsattsage har ƙafar jaki na faɗawa. Gulbi ya koma 'yan kududdufai masu wari, masunta suka kwashe kifin da hannu har ya ƙare. Da asuba mu yi layi a rijiya, guga ya fito da rabin laka, mu kawo mu ajiye ya kwanta. Da hantsi mu tafi tonon bado inda ƙasa ke da sauran danshi, wasu su bi gidajen tururuwa su tone ɗan hatsin da ta tara. Azahar ba mai motsi, ko kuda sai ya nemi inuwa. Da la'asar a ɗora tukunya sau ɗaya tak, busasshiyar tafasa ta fi garin yawa. Dusa da muke ba awaki ta koma cikin tuwo. Ruwan tsari, wato ruwan da aka wanke surfe da shi, da a da akuya ke sha, yanzu yara ake ba. Unguwa ta yi tsit, ka yini ba ka ji ƙarar taɓarya ba.

Sai mutane suka fara zuwa ƙofar gidanmu. Na fi tuna wani maƙwabcinmu, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa na raye. Ya durƙusa a zaure, ina jin su daga bayan zana.

"Malam Manu, ba ni tuluna. Nawa na, ba naka ba."

"Naka na," in ji Malam. "Amma kai da bakinka kac ce kar in ba ka sai ruwa ya sauka."

"Kwana biyu ɗiyana ba su sa komi ga baki ba. Ka ji tsoron Allah."

"Shi ni ka ji."

Malam ya shigo ya ɗauki garin da za mu tuƙa ranar ya kai masa, muka kwana da ruwa. Ni kuwa ina bayan zana ina roƙon Allah kada zuciyar mijina ta karye ya miƙa tulun. Ranar ya kamata in faɗa. Na buɗe baki sau biyu, na tuna harshen Inna, na rufe.

Ana cikin haka aka yi shela a rediyo cewa an yi dokar gaggawa saboda yunwa. Duk wanda aka samu da hatsin da ya wuce na cin gidansa ya ɓoye abinci, za a kwashe kayan a sayar wa talakawa da araha, shi kuma ya fuskanci hukunci. Mun yi murna, wallahi, don mun san 'yan kasuwar da suka rufe shaguna suna jiran tsada. Ko a mafarki ba mu kawo ɗakin tulunanmu cikin maganar ba.

Wata Laraba da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, da masu kaki da wani magatakarda mai farar riga. Na san wanda ya kai rahoto, kuma ban taɓa riƙe shi ba, yunwa ce ta kai shi. Magatakardan ya karanta takarda da Turanci, ya juya ta da Hausa. Malam ya ce wannan iri ne, kuma amanar mutane ce. Inna ta ja hannun mutumin tana nuna masa yatsun da ke kan laka, tana kiran sunan mai kowane tulu.

"Tsohuwa," in ji shi, "dokag ga ba ta san iri ba. Hatsi tas sani, kuma ga ɗaki guda anka same shi."

Suka ce tuluna ba za su ɗauku a mota ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka dinga fasa su ɗaya bayan ɗaya ana juyewa a buhu. Irin gidan wane ya gauraye da na gidan wane, alamomin suka zama tsingaro a ƙasa. Toka ta tashi ta cika tsakar gida. Wani cikin masu ɗurawa ya jefa ƙwaya biyu a baki, ya tauna, ya tofar, ya ce gero mai kyau. Na matsa zan yi magana, aka daka mini tsawa, na koma bayan Inna. Suka ɗora buhu bakwai, suka ɗora mijina a kansu.

Washegari na ɗauko takardun ƙunshin maganin nan da na ɓoye, na ɗaure a bakin zanena, na kama hanyar Argungu da ɗan tuwon bado a kwano. An tsare shi a wani ɗaki mai ƙyauren ƙarfe. Aka bar ni in tsaya a bakin ƙyauren, mai gadi na gefena har ina jin numfashinsa. Malam ya rame cikin kwana ɗaya kamar ya yi jinyar wata.

"Kulu, ki ce ma mutane amanassu da ƙarhi anka amshe ta, ba ni nib bayar ba," in ji shi. "Ke kau kar ki buɗe baki bisa komi. Ko an tambaye ki, ce ba ki sani ba. Ki bar ni da su."

Maganar na kan harshena. Na dubi mai gadin, na dubi bindigarsa, na ce to.

A bakin kotun alƙali akwai wani dattijo, Malam Cindo, mai rubuta wa mutane takardun koke a ƙarƙashin dalbejiya. Ya san doka fiye da wasu masu albashinta. Na durƙusa na ba shi labarin tuluna, ban da abu ɗaya. Ya saurara yana goge tabarau.

"Ɗiyata, da gaban alƙali za a kai shi, da kin kwana da mijinki gida. Amana ba dukiyar mai ajiya ba ta. A kira masu tuluna su shaida, magana ta ƙare. Amma dokag ga ba ta ƙohwar alƙali tab biyo ba. An rubuta cikinta ba kotun da ka iya tambayar kwamiti abin da yay yi."

"To wa za shi yi mai shari'a?"

"Wasu sun ce soja, wasu sun ce sai an aiko daga Sakkwato. Ni dai ban ga wanda anka yi ma ba tukun."

Na tambaye shi hatsin fa. Ya ce tun jiya motar ta wuce da shi Birnin Kebbi, can ne mazaunin kwamitin, kuma gobe Juma'a da safe za a sayar. Na ce ai ba a yi shari'a ba, yaya za a sayar da abin da ba a tabbatar na laifi ba ne? Ya ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ce tambayar da shi ma yake yi ke nan, kuma masu amsar ba su zauna a ƙarƙashin bishiya.

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, in a ce, misali, hatsin na da magani ciki fa? Irin na malamin gona."

Ya ajiye alƙalaminsa.

"Wa yas sani?"

"Ni ɗai."

"Innalillahi." Ya rage murya. "Ɓoyon hatsi an san sunanai, ko ɗauri na shina da iyaka. Amma a ce an samu guba cikin cimakar da za a ba jama'a, ga irin wanga lokaci, ban san sunan da za su ba shi ba. Abin da ni ka tsoro, su ma ba su sani ba, kuma gidan mijinki anka ɗauko shi. Ba su tsayawa tambayar wa yaz zuba." Sannan ya ce, "Ina iya rubuta maki takarda, sai dai kahin ta kai Sakkwato ta dawo an yi tuwo an cinye. Ban ce ki tahi ba, ban ce ki zauna ba. Motar Birnin Kebbi dai bayan azahar ta ka tashi."

Na shiga motar. Duk tsawon hanya lissafi ɗaya nake yi. In na yi shiru, watakila mata su sheƙe su wanke sosai, watakila maganin ya tsufa ya daina aiki, mijina ya yi 'yan watanni ya fito. Sai in tuna ruwan tsari, in tuna wa ake ba shi a shekarar nan. In na yi magana kuma, ina iya zama matar da ta kai mijinta gaban bindiga da bakinta, bayan ya ce ta yi shiru. Na sauka a gidan wata goggona, ko ita ban gaya wa abin da ya kawo ni ba.

Da sassafe na isa filin da ke gaban ɗakin ajiyar kwamitin. Wannan shi ne wurin da ban taɓa faɗa wa 'ya'yana daidai ba. Kullum nakan ce na iske an fara sayarwa. Ƙarya nake yi. Na isa ba a kwance ko buhu ɗaya ba.

Layi ya miƙe har bakin titi, yawanci mata ne da kwanoni da ƙore, ga masu kaki da bulala suna gyara shi. Na gane buhunanmu da tokar da ke jikinsu, su aka jera a gaba. Na tsaya a gindin wata bishiya na ce bari numfashina ya dawo. Aka kwance buhun farko. Na ce bari in ga wane ne babbansu tukuna. Mai awo ya cika tiya ya juye wa ta farko, na ce yanzu zan tafi. Ƙafata ta ƙi. Ya juye wa ta biyu, ta uku, ta huɗu. Rana ta fara zafi, zufa na bin bayana, ina kallo kamar an dasa ni. Fuskar Malam a bayan ƙyaure kawai nake gani.

Sai wata mata ta fito daga layin ta biyo ta gabana. Doguwa ce, da shuɗin zane da ya koɗe, goyo a bayanta, wata 'yar yarinya na riƙe da gefen zanenta. Ta ɗora ƙwarya a ka ta rufe da faifai. Fuskarta cike da murna, irin murnar da na manta ana yi. Ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, mi ki ka jira? Shiga layi maza kahin shi ƙare. Yau dai ɗiyana na cin tuwo."

Ta wuce. Ban ce mata komai ba.

Maganarta ce ta kwance mini ƙafa. Amma maimakon in bi ta in riƙe ƙwaryar, sai na ruga wajen masu awo ina ihu, "Ku tsaya! Guba ta! Akwai magani ciki!" Bulala ta sauka a kafaɗata, wata ta sauka a baya, ban ji su ba sai daga baya. Na faɗa kan buhun na rungume shi. Matan layi suka yi caa, wasu na cewa mahaukaciya ce, wasu na cewa matar mai hatsin ce ta zo da dabara.

Babbansu ya fito, wani matashin hafsa da Hausarsa ta nuna ba ɗan ƙasarmu ba ne. Ya ce a ɗaga ni.

"Kin san abin da kike faɗa? Kin san hukuncin wanda ya hana aikin nan?"

"Ranka shi daɗe, a ba ni ruwa ga ƙwarya."

Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma ya ce a kawo. Na debi geron da hannu biyu na zuba, na cuɗa. Toka ta taso ta yi kumfa a sama, na tsiyaye ta. Ruwan da ya rage a ƙasa ja ne, kamar an wanke nama. Na kwance bakin zanena na miƙa masa takardun masu hoton ƙoƙon kai. Ya karanta. Filin nan ya yi tsit har ana jin kukan jarirai.

Allah ya saka wa yaron nan, bai tsaya tambayar laifin wa ba. Ya sa aka rufe awo, ya tura masu kaki kowace kusurwa, ya sa mota mai lasifika ta zaga gari, masu unguwanni suka saki masu shela, aka faɗa a masallatan Juma'a. Ya ce duk wadda ta dawo da nata za a musanya mata da wani. Kafin la'asar mata suka dinga dawowa, wata ta riga ta surfa, wata har ta jiƙa, amma ba wadda ta kai ga ci. Mai awo ya dinga mayarwa a buhu yana duba fuskokinsu. Da ya gama ya ce saura tiya ɗaya.

Na riga shi sani. Tun da aka fara dawowa nake duba zannuwa, ban ga shuɗin ba. Wani mai shayi ya ce ya ga mai irin kamanninta ta nufi tasha. A tasha aka ce motoci uku sun tashi da safen, kowace da hanyarta, ban da masu jakuna da masu tafiya a ƙafa zuwa ƙauyukan hayin gulbi. Ba wanda ya san sunanta. An aika saƙo ga hakimai, ba abin da ya dawo.

Kwana biyu suka ajiye ni a wani benci a ofishinsu, suna gardama a kaina. Wani ya ce a haɗa ni da mijina. Wani ya ce da wane laifi, tunda ba doka da ta hana mutum sa wa irinsa magani, hasali ma hukuma ce ta raba shi. Hafsan ya ce in dai abin nan ba ya ciyuwa, to ba abinci ba ne, in kuwa ba abinci ba ne, me mutumin ya ɓoye? Magatakardan ya ce takarda ba ta faɗi haka ba. A ƙarshe suka rasa inda za su rubuta ni, suka ce in tafi gida.

Malam ya ƙara sati uku a tsare, sannan wata safiya aka buɗe ƙyaure aka ce ya tafi. Ba a kai shi gaban kowa ba. Ba a ce ya yi laifi ba, ba a kuma ce bai yi ba, har ya koma ga Allah ba shi da takardar da ta wanke shi. Irin kuwa aka ce ya zama shaida, ba mai ikon sakinsa sai an aiko daga Sakkwato. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, maƙwabtan garuruwa suka fita gona, mu muna zaune muna kallon sama. Sai da gero ya kai gwiwa a gonakin wasu aka dawo mana da buhunan. Aka raba a zaure bisa abin da kowa ya tuna ya kawo, ba wanda ya yi musu. An samu ɗan abin da aka samu. Daga shekarar ba wanda ya sake kawo tulu gidanmu, Malam ma bai nema ba.

Inna, da nake jiran ta cinye ni ɗanya, ba ta ce uffan ba. Ita ta dinga gasa mini sawun bulala da ruwan ɗumi. Malam kuma sai da aka yi kwanaki, muna gyaran fartanya a tsakar gida, na ba shi labarin duka, har tsayuwata a gindin bishiya. Ya ɗago ya tambaye ni.

"Don ni kit tsaya?"

Na ce e.

"Kulu, da kin hwaɗa man ga bakin ƙyauren nan, ko mai gadi na ji, da na ce ki tahi da gudu."

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Na fi son da ya zage ni.

Bayan kaka na koma wurin Malam Cindo na tambaye shi, in matar nan da 'ya'yanta sun ci sun mutu, a doka alhakin na kan wa? Ya ce kwamiti doka ta kare shi, mijina bai sani ba, ni kuma ni ce na tona. Ya ce kafin a yi shari'a sai an sami mai ƙara, kuma ba wanda ya kawo. Ya ɗauka kwantar mini da hankali yake yi. Ni kuwa da za a sami alƙalin da zai zaunar da ni ya tambaye ni tsawon lokacin da na yi a gindin bishiyar nan, ya yanke mini abin da ya dace, da na fi samun barci.

Watakila ta ji shela a hanya ta zubar. Watakila ta wanke ta ga jan ruwa ta tsorata. Na shekara arba'in ina jera wa kaina irin waɗannan watakila. Da muka dawo Birnin Kebbi da zama, filin ya zama shaguna, bishiyar ma an sare ta, amma har yau ba na bin titin. Goyon da ke bayanta, in namiji ne kuma yana raye, yanzu magidanci ne mai furfura a gemu. Shi ya sa in na shiga keke na ga direban ya kai shekarun, sai in tambaye shi garinsu, in tambaye shi ko mahaifiyarsa ta taɓa ba shi labarin wata Juma'a da ta sayo gero mai toka a shekarar yunwa. Asma'u takan ce ina ba ta kunya da surutu. Su kuma sukan yi dariya su ce, "A'a, Hajiya, ba mu taɓa ji ba."

Jiya ma na tambayi wani.